Ba Mai Sake Ɗaure Talatu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta, Ya kuma sa tausayi a zuciyar mai jinya. Ni Sule maɗinki, mazaunin Tudun Wadar Zariya, na zauna in rubuta labarin jinyar matata Talatu, Allah Ya jiƙanta. Ba don a yaba mini na rubuta ba. Na san akwai gidaje da dama a garin nan masu irin ciwonta, masu gidan ba su gane ba, suna ta neman magani a inda zai ƙara ciwon.

A shekarun da hanyar jirgi ta iso Zariya na fito daga Birni na kafa rumfar ɗinki a Tudun Wada. Unguwar sabuwa ce a lokacin, daga bukka sai dangar kara, kuma baƙi ne suka cika ta: leburorin jirgi, tsofaffin sojoji, fatake, da waɗanda ba a tambayarsu daga ina suka fito. Talatu tana sayar da fura a bakin hanyar tasha, a hannun wata tsohuwa da ta riƙe ta. Na sha furar nan har cikina ya kai ƙara kafin in iya buɗe baki in faɗi abin da ke kawo ni.

Ran da na faɗa, ta dube ni ta ce, “Malam, kafin ka ɓata goronka, ni dā baiwa ce. Alƙali ne ya ba ni ’yanci bayan zuwan Nasara. Sunan nan ma da kake kira, ba ranar da aka haife ni ba ce. Ranar da aka saye ni ce.”

Na ce mata ni ba asali na zo saye ba, fura ta kawo ni, mai furar ta riƙe ni. Ta rufe baki da hannu tana dariya. Aka ɗaura mana aure ba hayaniya, tunda ba ta da dangin da za su yi bidi’a, ni kuma nawa dangin ba su yi murnar da za su kira makaɗa ba.

Tun a watannin farko na fara ganin abubuwa, na ɗauke su hali ne kawai. Ba ta zama sai tana fuskantar ƙofa. In na shigo ta bayanta ban yi magana ba, sai ta sandare, ludayi a hannu, kamar an dasa ta. Nakan tarar da guntun tuwo a ɓoye cikin kayanta, alhali ga hatsi a gida. Na saya mata awarwaro da munduwa, ta yi godiya har ƙasa, ta ajiye su a ƙasan tukunya, ba ta taɓa sa su ba.

Sai kuma maganar akuya. Na sayo akuya na ɗaure a turke, na dawo na tarar da ita a gidan maƙwabci tana cin waken da aka shanya. Na sake ɗaurewa, washegari ma haka. Har na fara zargin akuyar da sanin asiri. Ashe Talatu ce take kwance ta da zarar na fita. Na tambaye ta dalili. Ta zauna, ta ɗan ja zaninta sama, ta nuna mini idon sawunta. Ƙafa biyun duka akwai tabo fari, ya zagaye kamar zobe, wani a kan wani.

Ta ce, “Abu ɗaya nake roƙonka, ko ba ka ba ni komai ba a zaman nan. Kada ka bari a sake ɗaure ni.”

Na ce, “Wa zai ɗaure ki a gidana? Na yi miki alkawari.” Wallahi a ranar na ɗauka shi ne alkawari mafi sauƙi da na taɓa yi. Akuya kuwa na sayar da ita, maƙwabta suka huta.

Ina da yaya mace, Mairo, tana aure a Birni. Ita ta goya ni, ita ta yaye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka har na yi furfura ba ta daina kallona a matsayin yaron da ke yawo ba wando ba. Bakinta da zafi, amma zuciyarta fara ce. Da ta saba da Talatu sai ta fara sonta, kuma son nan ne ya jawo mana abin da ya faru. Abin da ya dame ta shi ne ƙafar Talatu ba ta taɓa ganin lalle ba. Takan ce, “Matar ƙanena da ƙafa fari fat, sai ka ce baiwa? An yi aure ba kamu, ba ƙunshi. Ni zan biya wannan bashin, kowa ya san ’ya ce mai dangi.”

Ana saura ’yan kwanaki Babbar Salla, ina rumfa da rana, ta zo da ƙawayenta da kwaɓin lalle. Wanda ya san kamun amarya ya san yadda ake yi. Ana shammatar yarinya ne a cafke ta, ta yi ihu, ta yi kokawa, ta yi kuka, mata suna guɗa suna dariya, domin amaryar da ba ta yi kuka ba an ce ba ta da kunya. Haka suka yi wa Talatu. Suka faɗo mata ta baya tana tankaɗe, suka danne ta a tabarma. Duk ihun da ta yi, sai su ƙara guɗa. Suka shafa lalle, suka naɗe ƙafafun da ganye da tsumma, suka ɗaure tamau, suka cusa hannunta a zungurun ƙunshi.

Da la’asar na dawo, tun daga zaure nake jin shewa. Yaya Mairo ta tare ni tana haki, ta ce, “Ka auro jaruma! Ta yi kokawa kamar sa, har ta ciji mutum. Yanzu kuma kunya ta kama ta, ta yi shiru.”

Na leƙa. Namiji ba ya shiga tsakiyar mata a irin wannan wuri, amma na shiga. Tana kwance, idanu a buɗe, ba ta ƙiftawa, ba ta kallon kowa. Na zaro almakashina daga aljihu na yanke tsummokaran nan, mata suna cewa lalle bai kama ba tukuna. Na kira sunanta. Ta mirgina ta durƙusa, goshinta a ƙasa, ta ce da wata ƙaramar murya irin ta yara, “Ubangijina, ka yi haƙuri, ba zan sake ba.” A nan guɗa ta mutu.

Makon farko ba ta san ni ba. Ta koma bayan rumbu ta takure, nan take wuni. In na miƙa mata abinci ba ta karɓa, sai na ajiye a ƙasa na juya baya, sannan ta fizga ta cinye da sauri kamar za a ƙwace. Wani lokaci takan yi magana da wani harshe da ban taɓa ji a bakinta ba. Sallar wannan shekarar na yi ta ne a zaune a gindin rumbu. Ina jin ganguna daga Birni, ga kayan mutane da ban gama ɗinkawa ba, ga masu kaya suna sallama a ƙofa suna komawa da fushi.

Mako na biyu masu shawara suka yi mini caa. Wannan ya ce aljanu ne, tunda tana yare. Wancan ya ce tsohon ubangijinta ne ya yi mata kiranye. Wata ta ce a kira ’yan bori masu garaya a yi mata girka. Limamin unguwarmu, Allah Ya saka masa, ya ba ni rubutu ya ce in yawaita addu’a da haƙuri, bai karɓi ko goro ba. Amma an kawo mini wani mai magani da ya ci ragona ya haɗa da babbar rigata ta Salla. Ya sa aka lulluɓe ta da bargo, ya turara mata barkono, wai aljanin zai faɗi sunansa. Tari kawai ta yi har ta sheme. Na yaye bargon, na raka shi ƙofa, kuma ban raka shi da girmamawa ba. Har yau in na ji ƙaurin barkono raina yakan ɓaci.

A mako na uku, da ta ɗan fara yarda in zauna kusa da ita, na lallaɓa ta muka tafi asibitin da Turawa suka buɗe wajen tasha. Maƙwabta suka ce na haukace, Nasara yanka mutane suke yi. Mun zauna a ƙarƙashin bishiya tun hantsi har rana ta karkata, cikin masu gyambo da masu kurkunu da leburorin da ƙarfe ya datse wa yatsu. Mata ba su fi a ƙirga da hannu ba. Mai tsaron ƙofa yana ta daka wa mutane tsawa, duk tsawa ɗaya sai in ji jikinta ya ɗauki rawa. Na roƙe shi ya sassauta, ya ce in ba na son tsawa in gina nawa asibitin.

Mai yi wa likita tafinta wani Kirista ne ɗan Birni, ya san mahaifina, shi ya shigar da mu. Likitan bai taɓa ta ba sai da ya sa aka tambaye ta ko ta yarda, abin da ya ba ni mamaki. Ya duba idonta, ya saurari ƙirjinta, ya daɗe yana kallon ƙafarta, inda jan lalle ya hau kan farin tabo. Ya ba mu wani ruwa mai ɗaci na barci, ya ce gaskiya ba shi da maganin abin da ke damunta. Sannan ya faɗi wata magana, tafinta ya juya mini ita: “Ya ce ƙafar ta warke tuntuni, amma mai ƙafar ba ta sami labari ba tukuna. Ya ce kai ne za ka riƙa kai mata labarin, a hankali, kullum.”

Na fito ina jin haushi, wuni guda a rana don a ba ni magana. Sai a hanya maganar ta zauna mini. Ruwan ɗacin ya ƙare cikin ’yan kwanaki, maganar kuwa da ita na yi jinya har ƙarshe.

A mako na huɗu ne aka gwada alkawarina. Da hantsi Yaya Mairo ta iso da ’yan uwanmu maza biyu da jaki. A wuyan jakin na hango igiyar rama sabuwa, a naɗe. Ta ce sun yi shawara a gida, akwai wani malami a ƙauye bayan Hanwa mai maganin taɓin hankali. Yana sa marin ƙarfe a ƙafa, ya tsare mutum har ya dawo daidai.

Ta ce, “Sule, dubi yadda ka koma. Rumfarka a rufe, wuyanka kamar na zakara. Ko ka bari a kai ta, ko ka sauwaƙe mata ta koma inda ta fito. Ba zan zuba ido mace ta kashe mini kai ba.”

Ban taɓa yi wa Yaya musu ba tun da aka haife ni. Ranar na tsaya a ƙofar zaure na buɗe hannuwana. Na ce, “Yaya, igiya ce ta sa mata ciwon nan. Igiya ba za ta cire shi ba. Wanda zai shiga da ita sai ya fara ɗaure ni.”

Ɗaya daga cikin mazan ya ce an shanye ni. Na ce ya tsaya a waje da jakinsa. Na kama hannun Yaya ita kaɗai, na ce ta zo ta ga wani abu. Muka shiga. Talatu tana ganinta ta zube a ƙasa, ta miƙo ƙafafunta biyu a haɗe, kamar yadda ake miƙa wa mai ɗauri, ta ce, “Uwar ɗakina, kada ki matse sosai. Wallahi ba zan gudu ba.”

Ranar kamu tsumma da wasa sun hana Yaya ganin tabon. Yau ta gani. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka, ta ce, “Na shiga uku. Ni na ɗauka kunya ce. Sule, ni gata na zo yi mata.” Na ce na sani. Ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta fita ta ce wa mazan su juya da jakinsu.

Daga nan jinya ta gaskiya ta fara, kuma ba wani abin a zo a gani a cikinta. Na kwaso ɗinkina daga kasuwa na dawo da shi tsakar gida. Na cire asabarin ƙofar ɗakinta don ta riƙa ganin waje. Na koyi yin gyaran murya kafin in shiga ko’ina, in ce, “Talatu, ni ne.” Na daina tsayawa a kanta, in zan yi mata magana sai na zauna. Kome zan yi sai na tambaye ta, ko da tabarma ce zan gyara. In abin ya motsa ba na riƙe ta, ko da raina yana so. Sai in zauna nesa kaɗan ina faɗa mata inda take: nan Tudun Wada ne, gidanki ne, wancan rumbunki ne, waccan tukunyarki ce da kika ce na sayo mai tsada don ban iya ciniki ba.

Na kuma ba ta ƙaramin almakashina. Na ce, “Wannan naki ne. Duk abin da aka ɗaura miki ba da sonki ba, ki yanke, ko ni na ɗaura.” Ta soke shi a ƙugunta. Ranar ce ta fara cin abinci a gabana.

Labarinta kuwa a gutsure ya zo, kuma ba ya zuwa sai idona yana kan allura. In na ɗago kai sai ta yi shiru. A haka na ji yadda mahara suka faɗa wa ƙauyensu tana ƙarama, suna tsakiyar sussuka. Na ji yadda aka jera su a igiya ɗaya da mahaifiyarta, har wata kasuwa inda aka yanke igiyar a tsakaninsu. Na ji gidajen da ta zauna, da gudun da ta yi ta yi, da abin da ake yi mata duk lokacin da aka kamo ta. Akwai abin da ba zan rubuta ba. Mu duka mun tashi mun ga bayi a gidajen Birni, muna gaisawa da su, ba wanda ya taɓa tambayar abin da suke kwana da shi a zuci. Sau da yawa na soki yatsana da allura don kada ta ga hawayena ta daina magana.

Kada mai karatu ya ɗauka ta warke sarai. Ba ta warke ba, sauƙi ta samu. Sai mu yi watanni lafiya, tana dama fura tana tsokanata, sai a wuce da fursunoni a sarƙa za su aikin hanya, mu koma bayan rumbu kwana da kwanaki. Na gaji sau da yawa. Akwai ranakun da nakan fita bayan gari in zauna ni kaɗai in ce, ya Allah, ni ma fa mutum ne. Masu kawo ɗinki da yawa sun koma wajen wasu. Abokai sun sa mini suna mijin-ta-ce. Na amsa, tunda dai ita ce take cewa, kuma daɗin muryar nake ji.

Amma an sami alheri. Da Allah Ya ba mu ’ya mace, na damu da yadda za ta yi goyo. Sai na ga ta ɗauki majanyi ta ɗaure da hannunta, ta ƙara tamkewa, ta kalle ni ta ce, “Wannan ni na ɗaura.” Yaya Mairo kuwa ta zama mai yin sallama tun daga bakin titi, har yara suna kwaikwayonta. Wata Salla ta zo da kwaɓin lalle ta ajiye a tsakar gida, ba ganye, ba tsumma. Talatu ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta tsoma kan yatsunta ta zauna a rana har ya bushe. Bai kama sosai ba. Yaya ta ce ba ta taɓa ganin lallen da ya yi kyau irinsa ba.

Mun yi shekaru masu yawa, har muka aurar da ’yarmu, kuma a bikinta ba a yi kamu ba, tambayarta aka yi. Ciwon da ya ɗauki Talatu na ƙirji ne, bai daɗe ba. Ana gobe za ta rasu, da yamma, ta ce in matso. Ta ce, “Malam, na taɓa ganin ana yi wa mace sutura. Ana ɗaure likkafani a kai da tsakiya da ƙafa.”

Na ce haka ne, amma in an sa mutum a kabari ana kwancewa, ba a barin kowa a ɗaure.

Ta ce, “Masu binnewa suna sauri. In suka manta fa?”

Na ce ba za su manta ba.

Ta ce, “Kai za ka kwance.” Ta zaro almakashin nan daga ƙugunta, duk ya yi tsatsa, ta sa mini a hannu.

Yaya Mairo ce ta yi mata wanka, ta tsufa tukuf a lokacin. Can sai ta fito zaure tana dogara bango, ta kira ni gefe, ta ce, “Sule, an zo wajen ɗauri. Hannuna ya ƙi.” Na ce ta yi zarge kawai, sako-sako, yadda ja ɗaya zai warware. Ta koma ta yi.

A maƙabarta matasa suka ce in zauna, gwiwata ba za ta iya ba, su za su sa ta. Na ce su riƙe ni dai in sauka. Aka miƙo ta, muka kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar gabas. Na durƙusa daidai kanta. Mutane suna jira, liman yana jira. Ban san lokacin da na yi gyaran murya ba.

Na ce, “Talatu, ni ne.”

Na kwance ɗaurin kai, na kwance na tsakiya. Na matsa wajen ƙafafun, na warware na ƙarshe, na zare tsumman gaba ɗaya na sa a aljihuna, sannan na ce su miƙo itace.